Yadda Ake Sayen Katin Kyauta da Rangwame, a Miƙa Shi Ya Zama Kyautar Mutunci

Duk wanda ke da iyaye, surukai, ƙanne da malamai ya san yadda lissafi ke rikicewa idan Sallah ta gabato, ko aka shiga watan da bukukuwa da sunaye suka jeru. Masu haƙƙi a kanka sun fi abin da ke aljihu. Yawancinmu mukan tura kuɗi ta banki, alat ya shiga, kuɗin su narke cikin cefanen ranar, bayan kwana biyu babu wanda zai tuna an yi kyauta. Katin kyauta yana maganin wannan. Takarda ce ko lamba da ka riga ka biya kuɗinta, wanda ka ba wa zai je ya karɓi wani abu takamaimai da ita: kira, data, wutar lantarki, ɗinki, gas ko shinkafa. Kuma da yake kana saye da yawa lokaci guda, kana biya kafin a karɓi kaya, kana da bakin neman ragi.

Na daɗe ina yin haka a nan Birnin Kebbi. Ragin da ka samu halaliyarka ne, babu abin kunya a ciki. Amma ragi ba ya mayar da kati kyauta. Abin da ke yin wannan shi ne mai karɓa ya buɗe ya ga cewa ka san abin da ke damunsa.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramin littafi da biro, na rubuta sunaye da lambobi.
Waya mai caji da ɗan data, da asusun banki ko kuɗi a hannu.
Ambulan masu kauri, ba irin masu shara-shara da ake ganin abin ciki ba.
Farin kwali, irin wanda masu buga katin biki ke amfani da shi, da almakashi.
Gam ko salatif, da ƙaramar leda mai haske.
Ɗan abin rakiya: dabino, alawa, goro ko ƙaramar kwalbar turare.

In babu kwali, bangon sabon littafin rubutu ya wadatar. In babu ambulan, naɗe farar takarda gida uku ka liƙe bakinta.

1. Fara da mutane, kada ka fara da kati

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su ji ana rangwame su sayo kati tuli, sannan su zauna neman wanda za su ba. Juya abin. Rubuta sunan kowa a layinsa, a gabansa ka rubuta abu ɗaya da ka ji ya yi kuka da shi, ko ka gani da idonka. Inna tana yawan yin filashin saboda katinta ya ƙare. Ƙanenka da ke jami'a a Aliero ko Kalgo data ce matsalarsa. Gwaggo tana da mita, kuma kullum wutarta kan yanke kafin ƙarshen wata. Amarya ta samu atamfofi a lefe, kuɗin ɗinki ne babu. Mai jego tana fama da hayaƙin itace alhali ga tukunyar gas a ajiye ba komai ciki.

Wanda ka kasa rubuta komai a gaban sunansa, kada ka ba shi kati. Ka kai masa goro ko turmin zane kamar yadda aka saba. Haka manyan da kati zai zama raini a wurinsu, kamar suruki a karon farko ko basarake: waɗannan sai kaya na gani da ido.

Daga nan ka yanke abin da za ka kashe gaba ɗaya, ka rubuta shi a saman shafi.

2. Tabbatar katin zai yi aiki a hannun mai shi

Wannan binciken minti kaɗan ne, amma shi ke hana asara.

Idan katin waya ne, ka san layin da mutum ke amfani da shi yanzu. Kada ka dogara da farkon lamba. Tun 2013 ake iya sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba, don haka mai 0803 yana iya kasancewa ya bar MTN, mai 0802 ya bar Airtel. Sannan ka tambayi wane layi ke da sabis a garinsu. Abin da ke kamawa da kyau a Gesse ko Badariya ba lallai ya kama a ƙauyukan Bagudo ko Zuru ba. 'Yan'uwa na bakin iyaka, kamar wajen Kamba, wasunsu layin Nijar suke riƙe, kuma katin Najeriya ba ya shiga layin Nijar ko da sunan kamfanin ɗaya ne. Ba sai ka tona asirin kyautar ba. Tambayi wani a gidan.

Idan wuta ce, kana bukatar lambar mita daidai. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke kula da Kebbi, Zamfara, Sakkwato da Kaduna, shi za ka zaɓa a manhajar biya. Kafin kuɗi su fita, sunan mai mitar zai bayyana, karanta shi. Tokin da za a ba ka lamba 20 ce, kuma mitar da aka saya wa kaɗai take karɓarsa. Idan gidan haya ne da mutane da yawa ke kan mita ɗaya, bar maganar, don kyautarka za ta tafi ga duk gidan. Idan kuma akwai tsohon bashi a kan mitar, ana iya cire wani kaso daga abin da ka biya.

3. Sayen katin waya da data a farashin sari

Kada ka saya a teburin bakin titi, domin shi ma saro wa ya yi. Tambayi mai teburin inda yake sari, ko ka shiga Babbar Kasuwa ka nemi dilan kati mai shago tsayayye. A Jega, Argungu da Yauri ma akwai su. Dila yana sayarwa ƙasa da kuɗin da ke rubuce a jikin kati, amma sai ka ɗauki adadi mai ɗan yawa.

Ka sani tun yanzu cewa ragin nan ƙarami ne, galibi 'yan nairori a kowace ₦100, kuma ya danganta da kamfani da yawan abin da ka ɗauka. Misali, in ka sayi katin ₦1,000 guda 20 a kan ₦970, ka biya ₦19,400, ka tsira da ₦600. Kuɗin ambulan da dabino ke nan. Duk wanda ya ce zai ba ka katin ₦1,000 a ₦700, kada ka tsaya sauraronsa. Dilan gaskiya ba shi da wannan ribar da zai rage.

A gaban dila ka duba abu uku. Na farko, in mai kankarewa ne, azurfar da ta rufe lambar ba a taɓa ta ba. Na biyu, ranar ƙarewar aiki da ke jikin katin. Na uku, zaro guda ɗaya daga tsakiyar tulin ka loda a wayarka nan take. Tun 2023 duk kamfanoni lamba ɗaya suke amfani da ita: *311* sai lambobin katin sai #, sannan *310# don duba abin da ya shiga. Karɓi rasit, ko aƙalla ya rubuta maka adadi da kwanan wata ya sa hannu.

Katuna da yawa yanzu a siririyar takarda ake buga su, irin ta rasit ɗin POS. Zafi yana goge rubutunta. A zafin Maris da Afrilu na garin nan, in ka bar ta a aljihun gaba ko cikin mota, za ka tarar lambobin sun dusashe. Da ka isa gida ka ɗauki hoton kowanne, ka sa su a leda, ka ajiye a inuwa.

Data kuwa ba a sayenta a ajiye. Kwanakinta suna fara ƙirguwa ne daga lokacin da ta shiga layi, don haka ka rubuta alkawarin a kwali, ka tura ranar da ambulan ya isa hannu. Masu sayar da data a sari sukan fi araha, amma gwada su da ƙaramin adadi a layinka tukuna, ka duba da *323# ka ga ta cika kuma kwanakinta sun kai yadda aka ce. In ba ka sami wanda ka yarda da shi ba, saya kai tsaye ta *312#, ko ka tura daga layinka ta *321#.

4. Haɗa taka takardar da mai shago

Nan ne ragi na gaske yake, nan ne kuma kyautar ta fi daɗi. Ba sai babban kanti mai buga katinsa ba. Mai shagon unguwa, tela, mai gas, mai sayar da shinkafa, kowannensu zai iya zama mai katin kyauta in ka zauna da shi.

Zaɓi wanda ya daɗe a wurin, wanda kake ciniki da shi, kuma yake kusa da gidan mai karɓa. Takardar shagon Rafin Atiku ba ta da amfani ga wadda ke aure a Bunza, kuɗin mota zai cinye ta. Je masa lokacin da kasuwa ta lafa, ba da yamma da mutane suka yi layi ba. Bayan gaisuwa ka faɗi buƙatarka a fili: "Alhaji, takarda goma nake so, kowace ta kwano biyu na shinkafa da kwalbar mai. Yau zan biya duka, su kuma za su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Me za ka rage mani?" Yana samun kuɗi a dunƙule da zai juya, yana kuma samun sababbin masu ciniki goma da za su tako shagonsa. Ka faɗa masa haka. In ya ƙi rage kuɗi, nemi gyara: ka biya goma ya ba ka ta sha ɗaya. Da yawa sun fi son wannan, domin kaya ne zai fita ba kuɗi ba.

Ka rubuta takardar da sunan kaya, ba da naira ba. In ka rubuta "₦5,000" a watan Sha'aban, kafin Sallah farashi ya motsa, abin da za a auna wa Gwaggo ya ragu. In ka rubuta "kwano biyu na shinkafa 'yar gida, gyararriya", kwano biyu za ta karɓa ko kasuwa ta tashi. Mai shago ya san da wannan, shi ya sa zai so a sa wa'adi, kuma yana da gaskiya. Wata ɗaya zuwa biyu ya isa. Irin wannan ciniki, a biya yanzu a karɓi kaya daga baya, shi ne malaman fiƙihu ke kira salam, kuma sharuɗɗansa su ne dai abin da hankali ke nema: a biya kuɗin duka a wurin ciniki, a san awo, a san irin kayan, a san lokaci. Wannan wani dalili ne da ya sa na fi son rubuta kaya. Katin waya malamai da yawa suna ɗaukarsa hidima ce ake saye, don haka ragi a kansa ba matsala. Amma takardar da ke ɗauke da adadin kuɗi zalla, a saye ta da kuɗin da ba su kai ba, akwai saɓani a kanta. In zuciyarka ta yi ɗar, tambayi malaminka kafin ka biya.

Kowace takarda ta ɗauki waɗannan: lambar jeri (1, 2, 3…), sunan mai karɓa, kayan da adadinsu, sunan shago da kwatancensa, ranar ƙarshe, sa hannun mai shago ko hatiminsa. Ka kwafi jerin gida biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a littafin shago. Kuma lallai yaron shago ya san da maganar. Sau da yawa maigida ne ya karɓi kuɗi ya tafi Kano sari, baiwar Allah ta zo da takarda yaro ya ce bai san zancen ba. Kunyar da za ta ji a gaban mutane ta fi ƙarfin shinkafar.

Wajen tela, lokaci ne komai. Ka biya tun kafin azumi ya kama, lokacin da kekensa ba shi da aiki sosai. A goman ƙarshe ba ragi ba, ko karɓar ɗinkin ma sai da roƙo. Rubuta irin ɗinkin, riga da zane ne ko doguwar riga, da aiki ko babu, don kada a ce mata ta ciko. Wajen mai gas, rubuta kilo: 3, 6 ko 12.5, gwargwadon tukunyar da ke gidan.

5. Katunan ƙasashen waje

Katunan Amazon, Apple, Google Play da Steam su ne aka fi ji a intanet, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Irin waɗannan katuna a ɗaure suke da ƙasa: katin Apple ko Google Play na Amurka ba ya shiga asusun da aka buɗe da adireshin Najeriya, katin Amazon na Amurka ba ya aiki a Amazon na Ingila. Saboda haka amfaninsu a wurinmu ɗaya ne, wato in kana da ɗa ko ƙane da ke karatu ko aiki a can. Sai ka sayi na ƙasar da yake zaune, daga shafin kamfanin da kansa, a tura masa ta imel. Ragi na halal a can yakan zo ne daga manyan kantuna irin su Costco da ke sayar wa mambobinsu katuna ƙasa da ƙimarsu, ko garaɓasar ƙarshen shekara, ko shafukan da mutane ke sayar da katin da aka ba su ba sa so. Na ƙarshen nan garantinsu gajere ne, ba su dace da kyautar da za a ajiye ba. A Amurka, dokar 2009 ta hana kuɗin katin kyauta mutuwa kafin shekara 5, amma wannan dokarsu ce, ba ta shafi katin da ka saya a nan ba.

Wanda ya biyo ka ta WhatsApp, Telegram ko Facebook da katin dala 100 a rabin kuɗi, ɗayan biyu ne. Ko dai an riga an kwashe abin ciki, ko kuma 'yan damfara ne suka karɓe shi daga hannun wani bawan Allah suna neman inda za su mayar da shi naira. In ka saya ka zama mai karɓar kayan sata, kamfani na iya rufe asusun wanda ka ba, kai kuma kuɗinka sun shiga asusun da wataƙila EFCC ke bibiya. Ba a yi wa ɗan'uwa kyauta da hawayen wani.

6. Rubuta komai kafin ka rufe ambulan

A gaban kowane suna a littafinka, rubuta lambar jerin katin da ka ware masa, wato serial number da ke jikin katin, ba lambar lodawa ba. In aka kankare da ƙarfi lamba ta goge, ko takarda ta dusashe, da lambar jerin ce za a kira 300 a nemi taimakon kamfani. In kamfani bai saurare ka ba, layin koke na NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, shi ne 622. Hotunan da ka ɗauka kada ka tura wa kowa, kada kuma ka bar su a wayar da yara ke wasa da ita.

7. Shirya shi

Yanke kwali daidai faɗin ambulan. Liƙa katin a tsakiya ta gefensa kawai. Salatif a kan lambobi yana cinye rubutun siririyar takardar nan. Katin ₦1,000 guda biyu ya fi na ₦100 guda ashirin, musamman ga tsofaffi, domin ba wanda ke son zaman danna lambobi sau ashirin.

Sai rubutu, da hannunka, layi biyu ko uku. Ka ambaci dalilin da ya sa ka zaɓi wannan abin, domin shi ne ran kyautar:

"Inna, ga na kiran su Yaya har ƙarshen wata, ki daina jiran sai sun kira. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana."

"Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki zaɓi wadda kika fi so cikin atamfofinki ki kai wa telan da ke jikin wannan takarda, an biya ɗinkin."

"Allah ya gafarta Malam, ga ɗan na wuta saboda karatun dare. A sa mu a addu'a."

A ƙasa ka rubuta yadda ake amfani da shi da ranar ƙarewa. Wanda ba ya karatun boko, rubuta masa da ajami in ka iya, ko ka bi shi da saƙon murya. Ka haɗa da abin rakiya komai ƙanƙantarsa. Ambulan shi kaɗai kamar takardar gayyata yake. Da dabino bakwai a ƙulle a gefensa, ya zama tsaraba.

8. Miƙawa

Kai da kanka in da hali. In ka aiki yaro, ka ɗora wa mai karɓa nauyin tukuici, kuma wataƙila a ranar ba shi da ko sisi, abin da ya sa ka ba shi katin ke nan tun farko. In dole sai aike, sallami yaron da kanka, ka ce ya faɗa an riga an ba shi.

Miƙa a keɓe, da hannu biyu ga babba, ba a tsakiyar taron suna ba inda za a buɗe a gwada da na wasu. A gidan da ke da kishiyoyi ko 'yan'uwa da yawa, ko dai ka daidaita ƙimar, ko kowa ya samu nasa ba a gaban ɗaya ba. Ga Inna da sauran tsofaffi, karɓi wayar ka loda a gabansu ka nuna masu ya shiga. In aka yi ta kuskuren lamba a jere, kamfani na iya toshe lodawa a layin. Kafin ka loda, duba ko akwai bashin kati da aka ci ta *303#, domin shi za a fara cirewa, sai ta ga abin da ya shiga bai kai yadda ka ce ba. In akwai, biya shi daban.

Ba dole ba ne ka faɗi nawa ka saya, kamar yadda ba ka faɗin yadda ka taya turmin atamfa. Amma kada ka ce ka kashe abin da ba ka kashe ba. In Kawu ya tambaya kai tsaye, ce masa, "Kawu, a sari na ɗauka, an ɗan rage mani." Zai yaba da dabarar, ƙila ma ya ce ka haɗa shi da dilan.

9. Bibiya

Bayan mako guda ka kira a gaisa, a cikin hira ka ji ko an yi amfani da shi. Mutanenmu suna da kawaici. In kati ya ƙi shiga ko mai shago ya yi wasa, ba za su faɗa maka ba sai ka tono. Mako guda kafin wa'adin takardun shago ya cika, je ka zauna da mai shago ku buɗe littafi, ku soke waɗanda aka karɓa. Waɗanda suka rage, ka tuna wa masu su. Wadda ba ta iya fita, saboda takaba ko jego ko rashin lafiya, karɓi kayan da kanka ka kai mata gida, ka sa mai shago ya soke lambarta a littafinsa a gabanka.